Fanka Ta Tsaya, Mota Ta Ƙi Tashi: Ina Wutar Ta Maƙale?

A wannan makon za mu fita daga aji mu leƙa gareji. Sai dai kada kowa ya bar littafinsa na Fiziks a gida, domin da shi za mu yi aiki.

Duk wanda ya taso a gabashin Sakkwato, daga Wurno zuwa Rabah zuwa Goronyo da ƙauyuka irin su Sisawa, ya san cewa idan hunturu ya shigo, amfanin fadama ya fara fitowa, to manyan motoci ba sa hutawa. Albasa da tafarnuwa da shinkafa da tumatir, su ne ke kwasa daga bakin gona zuwa kasuwar Achida, ko zuwa Sakkwato, ko su nausa da su Kudu. Yawancin motocin nan sun girme mu. Wasu irin tsofaffin Marsandi ne da ake kira 911, waɗanda aka riƙa haɗa irinsu a Inugu tun farkon shekarun 1980. Wasu kuma kanta ne da tifa da aka shigo da su bayan sun sha aiki a wasu ƙasashe.

A irin wannan lokaci ne matsaloli biyu suka fi damun direbobi. Da asuba a murɗa makulli, mota ta yi "ƙyas" ta yi shiru. Fankar cikin mota kuma, wadda ke hura iska mai ɗumi ta kuma share raɓar gilashi, ta daina juyawa. Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. To, tumatir ba ya jiran kowa. Kwana ɗaya a rana ya isa ya cinye ribar manomi. Sannan duk mun san halin da hanyoyin yankinmu ke ciki, babu direban da ke son dare ya riske shi a tsaye a daji saboda wata waya da ta yi tsatsa.

Abin da muke so ku riƙe daga wannan rubutu shi ne: wutar mota tana da hanya, kuma mai gyaran kirki hanyar yake bi yana aunawa kafin ya ce a sayo wani abu.

Mu fara da ruwa

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala gininta a 1984 a kan kogin Rima, za ta taimaka mana. Ruwan da ke bayan madatsar yana da ƙarfin turi. Idan aka buɗe ƙofa, sai ya bi magudana ya isa gonaki. Idan ciyawa da yashi suka toshe magudanar, ko da madatsar cike take, ruwan da zai isa gona kaɗan ne.

Haka lantarki yake. Batir shi ne madatsa. Ƙarfin turinsa ana auna shi da bolt. Yawan wutar da ke kwarara cikin waya ana auna shi da amfiya. Abin da ke tare mata hanya kuma, wato turjiya, ana auna shi da om. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Jamus mai suna Georg Ohm ne ya fitar da dokar da ta haɗa ukun a 1827: bolt daidai yake da amfiya sau om. Wannan ce dokar da kuke rubutawa a jarrabawa.

Akwai bambanci ɗaya tsakanin ruwa da lantarki, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ruwa idan ya isa gona tafiyarsa ta ƙare. Ita kuwa wuta dole sai ta koma batir. A cikin mota tana fita ta kan batir mai alamar tarawa, ta bi waya, ta ratsa fiyus da makunni, ta shiga fanka ko sitata ta yi aiki, sannan ta bi ƙarfen jikin motar ta koma ta kan batir mai alamar ɗebewa. Wannan hanyar komawa ita ce masu gyara ke kira "at". Ke nan rabin hanyar wutar mota ƙarfen jikinta ne. Idan tsatsa ta ci wurin da aka ɗaure wayar at, hanya ta toshe ko da sauran wayoyin duk sababbi ne.

Me ya sa sai da sanyi?

Injin gas ba ya amfani da tartsatsin fulogi kamar injin fetur. Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a 1897 a garin Augsburg na Jamus, ya gina shi ne a kan matse iska. Fistin yana matse iskar har ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma sha shida ko ashirin na girmanta, zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salsiyas. Da an fesa man gas cikin wannan iska sai ya kama da kansa. Kun taɓa jin yadda famfon keke ke ɗaukar zafi idan ana bugawa? Abin ke nan, sai dai na inji ya ninka shi nesa ba kusa ba.

Domin a samu wannan zafi, dole sitata ya juya injin da sauri. Da sanyin asuba kuwa abubuwa uku ke haɗuwa. Baƙin mai ya yi kauri, injin ya yi nauyin juyawa. Ƙarfen injin ya yi sanyi, yana zuƙe zafin iskar. Shi kuma batir ƙarfinsa ya ragu, domin aikin sinadaran da ke cikinsa yana yin sanyi idan gari ya yi sanyi. Shi ya sa ƙananan motocin gas da dama ke da hita, wasu ƙananan ƙarafa ne da ke cikin kan inji, waɗanda ke yin ja zur cikin daƙiƙoƙi kaɗan kafin a tayar da mota. Wasu manyan motocin ba su da su, saurin sitata kawai suka dogara da shi.

Shi batir ɗin ma ba a hunturu ya fara rashin lafiya ba. Zafin bazara, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, shi ke ƙone ruwan batir ya cinye farantan dalmar da ke ciki. Zafi ne ke illata shi, sanyi ya zo ya tona asiri.

Lissafin da ke warware rigima

Ga wata gardama da ake yawan yi a tasha. Yaron mota ya ce, "Oga, batir ne." Direba ya ce, "Kai, ina batir? Ba ka ga fitila na ci ba, ham na ƙara?" Bari mu raba su da lissafi.

A ce motar mai bolt 12 ce, kuma kan batir ɗinta ya yi wannan farin gari mai tsanwa-tsanwa, har ya kawo turjiyar om 0.01 kacal. Fitilu suna jan kamar amfiya 10. Goma sau 0.01 ya ba mu bolt 0.1. Wannan asara ba ta kai a lura da ita ba, don haka fitila za ta ci tar. To amma sitatan injin gas yana iya jan amfiya 400. Ɗari huɗu sau 0.01 ya ba mu bolt 4. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin batir ya salwanta a kan batir ɗin tun kafin wuta ta isa inda ake buƙatarta. Ina bolt huɗun suka tafi? Sun koma zafi: bolt 4 sau amfiya 400 ya ba mu wat 1,600, wanda ya kai na dutsen guga. Shi ya sa idan aka gwada tayar da mota, aka taɓa kan batir a hankali aka ji ya yi zafi, to an kama ɓarawon.

Kun ga ashe cin fitila ba ya wanke batir ko wayoyinsa daga zargi. Kun kuma ga cewa sabon batir ba zai magance komai ba idan dattin yana kan waya. Buroshin ƙarfe da sifana ɗaya sun isa.

Idan matsala biyu suka zo tare

Yanzu mu dawo kan motarmu: fanka ta tsaya, sitata ya ƙi. Mai gaggawa zai ce abu biyu ne suka lalace, a sayo biyu. Mai lura zai tambayi kansa: me ya haɗa su? Da wuya abubuwa biyu da ba su da alaƙa su mutu rana ɗaya. Wuraren da hanyarsu ta haɗu ba su da yawa: kawunan batir, babbar wayar da ke kai wuta cikin mota, makunnin makulli, da wayar at.

Makunnin makulli ya cancanci a duba shi da kyau. A motoci da yawa, shi ne ke ba fanka wuta idan makulli na kunne, ya kuma yanke mata na ɗan lokaci idan an murɗa zuwa tayarwa, don a bar wa sitata ƙarfin duka. Bayan shekaru ashirin ko talatin ana murɗawa, tagullar da ke ciki takan ƙone ta yi baƙi. Alamarsa ita ce idan aka ɗan girgiza makullin, fanka ta motsa ko fitilun dashbod su ƙifta.

Ita kuma wayar at idan ta lalace, abubuwan mamaki kan faru. A kunna fanka, sai wata fitila ta daban ta ɗan yi haske. A taka birki, sai allurar mita ta motsa. Wani lokaci wayar totur ce za ta ɗauki zafi yayin tayarwa. Wasu su ce motar ta yi aljanu. Wuta ce ta rasa hanyarta ta komawa, take bin duk ƙarfen da ta samu, kamar yadda ruwa ke fasa kunya ya shiga gonar maƙwabci idan an toshe magudana.

Saurari abin da motar ke faɗa

Kafin a ɗauko kowane kayan aiki, a kunna fitilar cikin mota, a murɗa makulli, a kasa kunne a kuma zuba ido.

Idan babu haske ko kaɗan, babu ƙara, to wuta ba ta ma fita daga batir ba. A duba batir da kawunansa da babban fiyus.

Idan fitila na ci tar, ba ta rage haske ba, kuma ba a ji ƙyas ba, to saƙo bai isa ga sitata ba. A bi ƙaramar wayar da ta taso daga makulli, ta ratsa rile, ta isa sulunoyid, wato ƙaramar gwangwanin da ke bisa sitata, wadda ke tura haƙorinsa ta kuma haɗa masa babbar wuta.

Idan aka ji ƙyas-ƙyas-ƙyas da sauri, fitila na dushewa, to ƙarfin bai isa ba. Ko batir ya yi sanyi, ko akwai toshewa a hanya.

Idan ƙyas ɗaya aka ji mai ƙarfi, fitila ba ta dushe ba, to wuta ta isa ƙofa amma ba ta shiga ba. Ko tagullar cikin sulunoyid ta ƙone, ko buroshin sitata ya cinye. A nan ne kawai ya dace a fara maganar kwance sitata.

Idan kuma injin na juyawa da sauri amma bai kama ba, a dubi salansa. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana nuna mai na isa amma zafi bai isa ba, sai a gwada hita da rile ɗinta. Idan babu hayaƙi sam, mai ne ba ya isa: ko iska ta shiga layin mai, ko matatar mai ta toshe, ko ƙaramin makunnin lantarki da ke buɗe mai a kan famfo bai samu wuta ba.

Ita ma fanka tana da nata yaren. Idan tana aiki a lamba ta ƙarshe kawai, ƙananan lambobi sun mutu, to motar fankar lafiyarta ƙalau. Abin da ya ƙone shi ne 'yar turjiyar da ke rage mata gudu, domin lamba ta ƙarshe ba ta bi ta cikinta. Idan sai an bubbuga take juyawa, buroshinta ya cinye. Idan fiyus ke ta ƙonewa, ko waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko ƙurar hunturu ta cushe fankar tana juyawa da ƙyar tana jan wuta fiye da kima. Idan kuwa tana hurawa amma iskar sanyi ce ke fitowa, to a bar lantarki ya huta, a duba ruwan lagireto da bututun da ke kai ruwan zafi cikin mota.

Lambobin da ya kamata ku haddace

Mai gyaran wutar mota, wanda aka fi sani da mai rewaya, kayan aikinsa biyu ne suka fi muhimmanci: ƙwan gwaji da mita. Ƙwan gwaji yana cewa akwai wuta ko babu. Mita kuwa tana faɗin nawa ce.

Batir mai bolt 12 da ya cika, ya kuma huta, zai nuna kusan 12.6. Idan ya nuna 12.2, ya yi kusan rabi. Yayin da ake tayarwa bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Idan inji ya tashi, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneta na caji. Idan ba a ga haka ba, a duba fambel ko ya saki kafin a zargi altaneta. Yawancin manyan motoci bolt 24 suke amfani da shi, wato batir biyu da aka jera kan wannan da wutsiyar wancan, don haka sai a ninka waɗannan lambobi biyu. Idan ɗaya daga cikin biyun ya raunana, duka biyun ne ke shan wahala.

Akwai gwaji ɗaya da ya fi sauran amfani. A ɗora wayar mita ɗaya a kan batir mai alamar ɗebewa, ɗayar a jikin inji, wani ya murɗa makulli. Idan at na da kyau, mita ba za ta wuce rabin bolt ba. Idan ta nuna bolt biyu ko uku, an samu inda wutar ta maƙale. Haka za a yi wa ɓangaren tarawa, daga kan batir zuwa sitata. Dokar Ohm ce dai ake karantawa a fuskar mita.

Kashedi

Wannan aiki yana da haɗari, kuma ba mu ce kowa ya je ya buɗe motar babansa shi kaɗai ba. Ku tsaya kusa da wanda ya iya, ku kalla, ku yi tambaya.

Batir yana fitar da iskar haidurojin, musamman lokacin caji, kuma tartsatsi ɗaya na iya fasa shi ya watsa wa mutum ruwan batir a fuska. Babu ashana, babu taba kusa da shi. Idan za a cire shi, a fara cire wayar ɗebewa, idan za a mayar kuma ita ce ta ƙarshe. A cire zobe da agogon ƙarfe. Kafin a taɓa sitata, a tabbata mota ba ta cikin giya, an ja birkin hannu, an sa waigi a taya, domin motar da aka haɗa wa wuta da sukundireba tana cikin giya za ta iya bi ta kan mai gyaran. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a jere, a bar sitata ya huce. Kada a haɗa bolt 24 da motar bolt 12.

Babban kashedi kuma shi ne na fiyus. An yi shi ne domin ya ƙone a madadin motar. Wanda ya cire fiyus da ya ƙone ya cusa waya ko takardar kwalin taba, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe. Wayar da ta ɗauki zafi a ƙarƙashin dashbod ta isa ta cinye mota da kayan mutum goma.

Abin da ya shafe ku

Muna jin wasunku na cewa Fiziks ba ya da amfani sai a ɗakin jarrabawa. Ku duba abin da muka yi yau: ninkawa ɗaya ta hana a sayi batir da sitata a banza. A garejojinmu akwai gwanaye da suka shekara talatin suna aiki, kunnensu ya san ciwon mota tun daga nesa, kuma akwai abin koyo mai yawa a wurinsu. Abin da ku za ku ƙara a kai shi ne karatun mita da zanen wayoyi da sanin dalili. Motocin da ke shigowa yanzu cike suke da kwamfuta, ga fanel ɗin sola da injinan ban ruwa masu aiki da shi da ke ƙara yawa a fadamunmu. Duk doka ɗaya ce ke tafiyar da su. Akwai kwalejojin fasaha da jarrabawar NABTEB ga masu son sana'ar hannu da takardar shaida, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato ga masu son ci gaba. Wannan kira har da ku ƙannenmu mata, domin mita ba ta tambayar wa ke riƙe da ita.

Aikin gida

Na ɗaya: ku samo batirin tocila, da ƙaramin ƙwai, da waya, da tsohuwar ƙusa mai tsatsa. Ku haɗa su yadda wuta za ta bi ta jikin ƙusar, ku lura da hasken. Sannan ku goge ƙusar da yashi har ta yi ƙyalli, ku sake gwadawa.

Na biyu: sitata yana jan amfiya 300, wayar at kuma tana da turjiyar om 0.02. Bolt nawa suka salwanta daga cikin 12, kuma wat nawa na zafi ke fita a wurin?

Na uku: fanka mai wat 120 tana aiki da bolt 12. Amfiya nawa take ja? Tsakanin fiyus mai lamba 5 da mai 15 da mai 40, wanne ya dace da ita, kuma me zai faru idan aka sa kowanne daga sauran biyun?

Ku nuna wa malaminku na Fiziks amsoshinku. Wanda ke da direba ko mai rewaya a gida, ya karanta masa tambaya ta uku ya ji me zai ce. Za mu kawo amsoshin a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana nan.